Damin Ganyen da Ba Ni Aka Aiko wa Ba

Rocca Vallina, 14 ga Mayu

Yayana Berardo,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, da fatan kuma tarin da na ji a muryarka ranar Lahadi ya sake ka. Yaya aikin haƙar hanyar cikin dutse? Don Allah ka riƙa rufe hancinka, ko da abokan aikinka na Suwizalan za su yi maka dariya. Mama lafiya lau, Kaka Splendora ma haka, sai ƙorafin gwiwa. Na zaɓi in rubuto maka ne saboda in na kira ka a waya, Mama tana tsaye a bayana tana amsa tambayoyin da ni ka yi wa.

Kambin ganyen da aka ɗora mini ranar kammala jami'a yana rataye a kicin. Mama tana nuna wa kowane baƙo, amma na lura yana ramewa, kuma miyar wakenmu ta ƙara ƙamshi. Duk gari yanzu dottoressa suke kirana, wato dakta. Mahaucin dandali har ya miƙo mini gwiwar hannunsa in duba masa ƙurji. Na ce masa harsuna na karanta a Napoli, ba likitanci ba. Ya ce, "To duba mini harshen ma, dottoressa."

Wuraren da na nemi aiki babu wanda ya amsa tukuna. Amma na sami ɗan abin yi. Wani direban babbar mota, Ercole, mutumin bakin teku, ya kama hayar gidan da ke ƙasan coci. Ya auro wata 'yar Folan mai suna Jagoda, shi kuma kullum yana kan hanya. Ba ta jin yarenmu, kuma a garin nan kaf ni kaɗai nake jin nata. Ya roƙe ni in koya mata kalmomin yau da kullum.

Na fara mata da permesso, domin ta riga ta faɗa gidan Donna Elvira kai tsaye don ta ga ƙofa a buɗe, tsohuwa ta kusa faɗowa daga kujera. Na ce mata ma'anarta "a ba ni izini", kuma ana faɗa a bakin ƙofa ko da mai gidan ne yake riƙe maka ƙofar. Sai prego. Asalinta "ina roƙo", amma ita ce amsar godiya, ita ce "zauna", ita ce "wuce gaba", ita ce kuma abin da mai shago yake cewa in layi ya zo kanka. Ta tambaye ni allora fa, tunda ta ji kowa yana farawa da ita. Na ce "to" ce kawai, mutum yana jan ta ne kafin ya san abin da zai faɗa. Na kuma gaya mata ciao ɗin da muke gaisawa da ita daga mutanen Venezia ta fito, can da ma'anarta "bawanka ne ni", kuma kada ta kuskura ta faɗa wa fadan coci ko likita. Tana da ƙoƙari ƙwarai, Yaya, kuma tana da kunya.

Na ga karatu a ɗaki ba zai ishe ta ba, sai na ce zan riƙa kai ta gidan burodin su Tiziana ta ji yadda ake magana da gaske. Ka san Tiziana, tun muna 'yan yara ba a ganin ɗayarmu babu ɗaya. Da na gaya mata sai ta ce, "Kawo ta mana, Ilè! In ta ci burodina bakinta zai buɗe. Ke ba shi kika ci ba kika zama rediyo?" Gobe za mu fara. Ina ganin dabara ce mai kyau.

Ka gaishe da mutanen ɗakinku. Ka ci abinci mai zafi.

Ƙanwarka,
Ilenia


Rocca Vallina, 9 ga Yuni

Yayana Berardo,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya jiki, yaya aiki? Na ji daɗi da ka ce tarin ya tafi. Kowa lafiya a nan. Ni ce dai ba na jin daɗin raina, kuma ban san wa zan gaya wa ba in ba kai ba.

Jagoda ba ta jirana yanzu. Tun kafin in tashi ta riga ta isa gidan burodi. Ka tuna buhun fulawar da ke bayan kantar shago, kusa da tanderu, inda nake zama tun muna firamare ina yi wa Tiziana aikin gida tana ba ni ɓawon burodi? Ranar Laraba na shiga na tarar da Jagoda a kansa, ta naɗe hannun riga, fulawa har goshi. Tiziana ta ce, "Ga malamarmu! Jawo kujera, Ilè." Kujera, Yaya. Ta baƙi, wadda tsofaffi suke zama a kai suna jiran burodi ya fito.

Kada ka ce ba ta koyo. Tana koyo sosai, kuma duk abin da ta ji a can wurina take kawowa in fassara mata. Amma da bakin Tiziana take magana. Na tambaye ta yaushe mijinta zai dawo, sai ta ɗaga kafaɗa, ta turo leɓe, ta ce boh, sak yadda Tiziana take yi. Na ce mata daidai ne, ma'anarta "oho, wa ya sani", amma ba a yi wa manya. Ta koyi kalmar nan tamu, "dai", wadda ake cewa in ana nufin "haba" ko "yi sauri mana". Ta koyi figurati, wato "ba komai, kada ki damu". Ta koyi magari, "da ma a ce". Duk ni na yi mata bayaninsu, amma in ta furta su, muryar Tiziana nake ji.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Jiya Jagoda tana zaune a teburinmu ta ce, "Ilenia, mene ne mi sono stufata?" Na ce ma'anarta "na gaji, abin ya ishe ni". Na tambaye ta ina ta ji. Ta ce Tiziana ce ta faɗa tana kuka, tana ambaton Nicola, kuma ta cire zoben ta jefa cikin gwangwanin yisti. Ita ba ta gane komai ba sai sunan da hawayen, don haka ta rungume ta kawai.

Yaya, Tiziana ta rabu da saurayin da take tare da shi tun muna sakandare, ni kuma a darasi na ji. Ni na kai wa Nicola saƙonta na farko. Ni na san komai na wannan soyayya daga tushe. Ta tsallake ni ta je ta gaya wa wadda ba ta fahimci kalma ɗaya ba.

Na je wurin Tiziana da yamma na ce mata na ji. Tana share gari daga kan tebur, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Da na gaya miki ai. Amma ke sai ki tambaye ni ranar da abin ya fara, da wanda ya fara faɗar me. Ita ko shiru ta yi." Na ce tambaya ba laifi ba ce. Ta ce, "Ba laifi ba ce, Ilè. Kawai dai ran nan ba ɗan sanda nake nema ba." Sai ta miƙo mini burodi mai zafi kamar ba ta faɗi komai ba.

Abu ɗaya nake riƙe da shi. Ranar waliyyi San Giovanni ta kusa. Kai ka daɗe ba ka yi watan Yuni a gida ba, amma har yanzu ana yi: ranar ashirin da huɗu mutum ya ɗaura damin ganyen ƙamshi da furanni ya aika wa wanda ya zaɓa, in wancan ya yarda ya mayar da nasa damin ranar San Pietro, ashirin da tara. Daga nan sun zama comare har mutuwa, zumuncin da Kaka take cewa ya fi na jini. Duk shekarun da nake Napoli jarrabawa take hana ni zuwa a watan nan. Tiziana ba ta taɓa aika wa kowa ba, na kuwa san ni take jira. Ba ta taɓa faɗa ba, gaskiya, amma wa kuma za ta jira? Bana ina gida.

Ka yi mini addu'a in rage tunani.

Ƙanwarka,
Ilenia


Rocca Vallina, 26 ga Yuni

Yaya Berardo,

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya. Na ga saƙonka, kuma ba kishi nake ba. Ko kuma kishin ne, ban sani ba. Karanta ka yanke.

Ranar San Giovanni ban fita ko'ina ba. Na sa rigata mai kyau na zauna kusa da taga da littafi. Wajen hantsi na hango Gwaggo Adelina, ƙanwar uban Tiziana, tana hawowa da faranti an rufe da farin ƙyalle. Na miƙe har na gyara gashina. Ta zo daidai ƙofarmu, ta ɗaga mini hannu, ta ce, "Ina kwana, dottoressa, rana ta yi zafi yau!" Ta wuce ta gangara ta bayan coci.

Ba a jima ba Jagoda ta yi permesso a bakin ƙofa. Damin yana hannunta. Na'a-na'a, ɗoɗɗoya, jajayen furanni daga tukwanen barandar Tiziana, an ɗaure da jan ƙyalle. Ɗaurin ma na gane shi, irin wanda take yi wa kwalin kek. Ta ce tsohuwa ta yi ta magana da yaren ƙauye, ba ta tsinci komai ba sai sunan Tiziana da wata kalma, comare. Ta kira mijinta yana can hanyar Jamus, ya ce su a bakin teku ba su san wannan ba, ta tambayi malama.

Ga abin da na gaya mata, ka duba ko akwai ƙarya. Na ce comare asalinta "uwa ta biyu", ana kiran matar da ta riƙe maka jariri ranar baftisma da ita, ana kuma kiran maƙwabciya ko ƙawa ta kusa. Na ce ganyen na ranar San Giovanni ne, tsohuwar al'ada ce, alamar ƙauna. Ta ce, "Me zan ce mata?" Na ce grazie, na gode, da che bello, kai ya yi kyau. Ta maimaita har ta iya.

Ba ta tambaye ni ko ana mayarwa ba. Ta ina za ta san ta tambaya? Ni kuma ban faɗa ba.

Jiya na ga damin a tagarta cikin kwalbar ruwa. Ta je gidan burodi ta faɗi kalmominta biyu, ta sumbaci Tiziana a kumatu. Tiziana ba za ta yi mata bayani ba, ka san wanda ya aika ba ya roƙon amsa, abin kunya ne. Sauran mutane kuwa kowa ya ɗauka dottoressa ta riga ta yi bayani.

In ranar San Pietro ta wuce ba a mayar ba, shi ke nan, an ƙi. Ba ni na aika ba, ba ni na ƙi ba. Na fassara abin da aka tambaye ni. Na bi maganar ta kowace fuska ban ga inda na faɗi abin da ba haka yake ba. To me ya sa abinci ba ya shiga? Mama ta yi taliya da miyar rago, na tura farantin. Kaka ta dube ni ta ce, "Yarinyar nan ko dai soyayya ko dai mugunta, ɗaya tana cinta."

Kada ka kira Mama a kan wannan, don Allah.

Ilenia


Rocca Vallina, 30 ga Yuni

Yayana Berardo,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Mu duka lafiya. Ka zauna kafin ka karanta, doguwa ce.

Shekaranjiya Mama ta aike ni sayen burodi, na kasa samun hujjar ƙi. Shagon cike da tsofaffi. Donna Elvira tana cewa da ƙarfi, don kowa ya ji, "Baƙuwar ko ganye ɗaya ba a ga ta tsinka ba. Su can ƙasarsu ba su san mutunci ba." Wata ta ce, "Ai maganin mai tsallake 'yan gari ke nan." Tiziana tana yanka burodi kamar ba ta ji. Da shagon ya ragu ta jawo ni bayan kantar sayarwa, ta rage murya.

"Ilè, ta gane kuwa? Kin yi mata bayani?"

Na ce, "Duk abin da ta tambaye ni na fassara mata."

Sai ta ce, "To, ashe ba ta so ne. Nicola bai so, ita ma ba ta so. Wataƙila warin yisti nake." Ta yi dariya, amma haɓarta tana rawa. Na san wannan rawar tun ranar da aka binne babanta.

Na ɗauka zan ji daɗi, Yaya. Na tsaya ina jiran daɗin ya zo, bai zo ba.

Jiya da sassafe na buga ƙofar Jagoda. Na gaya mata komai da yarenta, tun daga ma'anar damin har zuwa abin da shiru yake nufi. Fuskarta ta yi fari fat. Ta ce, "Yau? Yau ɗin nan? Me ya sa ba ki faɗa mini ba?" Na ce ta ɗauko almakashi, rana tana yi. Ba ta da ko tukunyar fure ɗaya, sai muka shiga lambun Kaka. Kaka ta leƙo ta taga ta ce, "Ɓarayi! Ku bar mini ɗoɗɗoyata!" Da ta ga abin da muke haɗawa sai ta ce mu ƙara na'a-na'a, kuma kada mu ɗaura da baƙin zare. Ni na ɗaura. A hanya na koya mata abin da za ta faɗa, na sa ta maimaita har bakin shagon.

Ta shiga, ta ce permesso, ta miƙa damin, ta faɗi kalmominta ba kuskure ko ɗaya. Tiziana ta saki tiren da ke hannunta. Suka rungume juna, suna kuka suna dariya, fulawa tana tashi. Donna Elvira ta ce ita dama ta san yarinyar 'yar mutunci ce. Ni ina tsaye a bakin ƙofa da almakashi.

Sai Jagoda, da zuciya ɗaya, cikin guntun yarenmu da ni na koya mata, ta ce, "Yi haƙuri, na makara. Ilenia ta manta. Yau da safe ta tuna."

Tiziana ta dube ni ta saman kafaɗarta.

Da rana aka gasa tsiren rago a tsakar gidan su Tiziana, aka kira maƙwabta. Gwaggo Adelina ta haɗa hannayensu ta karanta musu sharuɗɗa, ni nake fassara wa Jagoda: daga yau ba gulma, ba zagi, ba ɗaga murya a tsakaninsu, ko gardama San Giovanni ba ya yafewa, kuma da girmamawa za su riƙa kiran juna kamar manya. Na fassara duka, ban rage ko ɗaya ba.

Da na shiga kicin ɗauko gishiri Tiziana ta biyo ni ta rufe ƙofa.

"Kin manta," in ji ta. "Ke. Ke da har yau kike tuna mini fensirin da na ɓatar miki a aji biyu."

Na ce ban ce na manta ba, Jagoda ce ta ce.

"Muguwa! Kin bar ni ina tsammanin ba wanda yake so na."

Sai abin ya ɓalle mini. Na ce, "Ni fa? Na zauna a taga da rigar coci kamar mahaukaciya, gwaggonki ta wuce tana ba ni labarin rana! Shekara nawa ina jira?"

"Jira? Hannunki ya karye ne? Ba ganye a lambun kakarki? Ke me ya hana ki aiko mini?"

Gaskiya ko sau ɗaya bai taɓa zuwa mini ba cewa ni ma zan iya aikawa.

Ta zauna a kan tebur ta share ido da gefen riga. Ta ce, "Yarinyar nan ba ta da kowa a garin nan, yanzu tana da gida. Ke kuma kin fassara sharuɗɗan da bakinki. Ba gardama har mutuwa. Ni da ke? Kafin la'asar San Giovanni zai ƙone mu ƙurmus. In na mai da ke comare, wa zan zaga?"

Na ce wannan ba hujja ba ce, tsokana ce.

Ta ce, "Kin gani? Har kin fara." Ta miƙe ta buɗe ƙofa. "Yau biki ne, ba zan ɓata wa comare ranarta ba. Gobe da la'asar in na rufe shago ki zo. Ban yafe miki ba, kuma ina da maganar da za ta kai mu magariba." Ta fita, na ji tana kiran Jagoda da sabuwar muryar girmamawa, suna ta dariyar yadda abin yake musu bambarakwai.

Ba zan ɓoye maka ba, har yanzu yana mini ciwo. Duk shekara in Yuni ya zo su biyu za su zauna tare a coci, ni ina bayansu. In Tiziana ta haihu, ba ni zan riƙe jaririn ba. Wannan ya tafi, kuma da hannuna na ɗaura shi. Abin da ta bar mini ban san ko ya fi ko bai kai ba. Na yi ta aunawa tun jiya ban gama ba.

La'asar ta kusa. Na shirya amsoshina guda-guda, na kuma san ba za ta bar ni in kai ta biyu ba. Bari in sa takalmi.

Ka kula da kanka, ka rufe hancinka.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Ilenia